Firigon Gwaggo da Shayin Baba

Shekarar da aka ja mana kuran, wato wutar lantarki, na riga na bar lakwal, wato makarantar boko, ina zaune gida ina ɗinki da keken ƙafa. Gidanmu yana tsohon gari, ba nisa da babban masallaci, irin gidajen ƙasar nan masu kaurin bango da ƙaramar ƙofa. Ma'aikatan kuran suka zo suka huda bangon zaure, suka kafa wani akwati mai fuskar madubi da suke kira kontar. A cikinsa akwai ɗan faifai mai juyawa. A ƙarƙashinsa kuma suka kafa dijontar, wani baƙin maɓalli da ke faɗuwa da kansa idan an ɗora wa wuta kayan da suka fi ƙarfinta. Baba ya zaɓi mafi ƙanƙanta cikin ma'aunin da suke bayarwa. Ya ce ƙwan fitila da fanka da rediyo ba sa buƙatar rijiya, tulu ya ishe su.

Baba gishirin kantu da dabino yake sayarwa. Mahaifinsa madugu ne, shi ma ya bi ayarin gishiri na Bilma tun yana saurayi, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a kasuwa. Duk abin da ya gani a duniya da ma'aunin raƙumi yake auna shi: nawa zai ɗauka, nawa zai sha. Ba na cewa wannan aibi ne. Da ma'aunin nan ya ciyar da mu, kuma ban taɓa jin an cuce shi a ciniki ba. Sai dai kuran ba dabba ba ne, shi kuwa bai san wata hanyar lissafi ba.

Mahaifiyarsa, Kaka, tana raye a lokacin, ta tsufa tukuf. Ita ta ƙi a shigar mata da waya ɗaki. Ta ce tana yarinya ta ga shigowar Nasara garin nan da idonta, kuma tun daga lokacin ba ta ga abin da suka kawo wanda ba ya cin wani abu a ɓoye ba. Muka bar ta da fitilar kwanonta. Idan na tsokane ta na ce tsoro take ji kada haske ya nuna tsufanta, sai ta ce ni ce ya kamata in nemi duhu, da wannan goshin nawa.

Bayan damina Gwaggo ta dawo gida. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta kuku ne a garin ma'adinai da ke arewa, can suka zauna shekaru masu yawa, can kuma ya rasu. Ba ta da ɗa a raye. Da ta gama takaba sai ta tattaro kayanta, kuma mafi girma a cikinsu firigo ne, injin sanyaya abinci da ruwa, fari, dogo, ya fi Baba tsawo da kaɗan. Ƙofarmu ta ƙi shi. Baba da kansa ya ɗauko gatari ya sassaƙe gefen bango har ya wuce, yana yi yana dariya, yana cewa amarya ce mai ƙiba aka kawo mana. Aka ajiye shi a ɗakin da aka haifi Gwaggo, aka ja masa waya.

Cikin ƴan kwanaki ta kafa sana'a. Tana dafa zoɓo da tsamiya, ta ƙulla a leda, ta jera su tare da ƙullin ruwa zalla su daskare su zama galas, wato ƙanƙara. Mata masu tuwo-tuwo a kasuwa suna ɗauka wurinta, yaran lakwal suna tsayawa a ƙofa, masu suna da biki suna aiko da kwano. Ba dukiya take tarawa ba. Amma sabulunta da goronta da gudummawar bikin ƙawayenta duk daga cikin firigon nan suke fitowa, ba ta taɓa miƙa wa ƙanenta hannu ba. Mace mai shekarunta da ta dawo gidan ubanta ba miji ba ɗa, abin da take tsoro shi ne ta zama mai jiran a ba ta. Firigon ne ya tsaya tsakaninta da wannan.

Muna cikin haka wani direba abokin Baba, mai ƙetare sahara, ya kawo masa tsaraba: risho na kuran. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi faifan rufe ƙwarya ba, da wata waya naɗe a tsakiya wadda ke yin ja idan an kunna. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Baba ya so abin nan ƙwarai. Shi mutum ne da ba ya wasa da shayinsa na bayan azahar, finjali uku a jere kamar yadda aka saba, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma ba a tashi sai an kai ƙarshe. A da sai ya yi ta kiran a kawo garwashi, a yi ta fifita. Yanzu sai ya soka waya a bangon zaure ya ɗora buta. Abokansa suka ce shayin gawayi ya fi daɗi, amma ba wanda ya taɓa mayar da finjalinsa.

Da bazara ta kama, sai wuta ta fara faɗuwa. Kullum da rana tsaka, lokacin da fanka ke juyawa kuma kowa ya nemi inuwa, sai a ji ƙas daga zaure. Abin da kowa ke fara lura da shi shi ne firigo, domin shi ne mai gurnani dare da rana, kuma idan wuta ta yanke sai ya girgiza ya yi shiru, gidan duka ya yi tsit. Baba ya tashi ya tura maɓallin sama, a ɗan jima ya sake faɗuwa. Abin ya dame shi. Ya tambayi mai butik, wato mai kanti, na bakin titi, ya tambayi direban nan, har ladan ya tambaya, wanda saninsa da kuran bai wuce lasifikar masallaci ba. Kowannensu ya ce me ke gare ka a gida, da ya ambaci firigo sai su ce ai shi ke nan, ka faɗi amsa da bakinka. Rishon ko ambatonsa bai yi ba. Wa zai lissafa ɗan tsako cikin garken shanu?

Wata rana ya shigo ɗakin Gwaggo ya ɗora tafin hannunsa a jikin firigon, ya daɗe yana jin rawar da yake yi. Sannan ya yanke hukunci irin na bakin rijiya. Ya ce ba a shayar da raƙumi da awaki lokaci guda, bi da bi ake yi. Daga azahar zuwa bayan la'asar a cire wa firigo waya, sauran kayan gida su sha. In rana ta yi sanyi a mayar masa.

Gwaggo tana ƙulla leda, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Auta, ka auna ne, ko ko da ido ka gani?"

Ya ce, "Yaya, abin da ya kai girman wanga ai ba shi son awo. Abin da ba shi barci ba shi daina ci."

Ta ɗago ta dube shi, ta dube mu da muke tsaitsaye a bakin ƙofa, ni da mahaifiyata da ƙannena. Ta ce, "To."

Aka fara bi da bi, wuta kuwa ta daina faɗuwa. Ga Baba magana ta ƙare, hujja ta fito fili. Ni ma na yarda, ba ni da dalilin ƙin yarda. Sai dai lokacin da aka zaɓa a kashe firigon shi ne lokacin da rana ke dukan Agadez da gaske. Abin da ya fara daskarewa da safe sai ya saki jiki kafin la'asar. Galas ya koma ruwa mai sanyi-sanyi, zoɓo ya koma abin da kowa zai iya yi a randarsa. Mata masu ɗauka suka fara yi mata uzuri, daga baya suka daina zuwa, suka koma wani gida a unguwar Dagmanet. Na ga Gwaggo tana wanke zanenta da ruwa zalla ranar da sabulunta ya ƙare, alhali ga namu a bakin randa. Abin ya ba ni haushi, da ita da Baba duka. Na ce mata ta yi masa magana mana, ai ita ce babba. Ta ce in je in ji da ɗinkina.

Ranar da abin ya fashe, baƙi ne suka zo wa Baba daga Aderbissinat, fataken dabbobi masu sayen gishiri da yawa, mutanen da yake ji da su. A ranar kuma maƙwabciyarmu take sunan jikanta, kuma tun da cikin yake ƙarami Gwaggo ta yi mata alkawarin galas. Azahar ta yi, Gwaggo ba ta cire waya ba. Ina ganinta ta zauna a gaban firigon ta miƙe ƙafa. Baba ya shimfiɗa wa baƙi darduma a zaure, ya fito da rishonsa yana nuna musu, ya ɗora buta. Ruwa bai kai ga tafasa ba aka ji ƙas. Ya tashi ya tura, ya zauna, maɓallin ya sake faɗuwa. Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai barkwanci, ya ce, "Alhaji, ashe wutar birni ma tana tahiya kiwo da rana?" Suka yi dariya. Dole aka aika neman garwashi a maƙwabta, shayin fari ya zo a makare, ya yi lami. Wanda bai san mutanenmu ba zai ce wannan ƙaramin abu ne.

Da baƙi suka tafi ya shigo tsakar gida. Bai ɗaga murya ba, Baba ba mai ihu ba ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, abin nan shi bar gidan nan. Ki saida shi ko ki ba da shi ajiya. Ba ni iya kiwon raƙumi cikin gidana."

Ta ce, "Cikin gidanka."

Ina jin ya so ya gyara maganar, amma muna tsaye muna kallo, sai ya bar ta yadda ta fito.

Ta ce, "An ji, Maigida."

Tun da nake ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai Auta.

Kaka tana kwance a tabarma a inuwar ɗakinta, ta ji komai. Ta ɗaga murya ta ce lokacin da Nasara suka shigo, manyan raƙuma suka bi suna kamawa, domin su ido ke gani. Aka bar awaki. Kafin ƴan shekaru awakin nan sun cinye duk wani ɗan itace da ke bayan gari. Labarin Nasara da raƙuma tana ba da shi ko kan gishirin miya aka yi gardama, mun riga mun daina saurara.

Gwaggo ba ta sayar ba, ba ta ba da ajiya ba. Ta ce inda firigonta ya kwana nan za ta kwana. Tana da ƴar ƙanwar Kaka a Ingall, mai ɗan lambun dabino, sai ta aika mata. Mahaifiyata ta roƙe ta, Kaka ta zage ta ta zagi Baba ta haɗa da mu, ba abin da ya sauya. Ingall kuwa a lokacin ba kuran a gidajen mutane, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Aka fitar da firigon a keken jaki zuwa tasha, yaran mota suka kwantar da shi rigingine a kan buhuna suka ɗaure da igiya. Baba ya raka ta har mota. Suka yi sallama kamar mutanen kirki, ya ce ta gaida mutanen can, ta ce za su ji.

Kwanaki suka wuce wuta ba ta faɗi ba. Baba ya ce yanzu tulu ya cika, kowa ya sha. Ya sayo fanka ta biyu ya sa wa mahaifiyata, ya ce a daina kashe rediyo da rana. Ran nan bayan azahar ina zaure ina auna masa wuyan riga, butarsa na kan risho, sai ƙas, a saman kanmu. Ba firigo a gidan, ba abin da zai girgiza ya yi shiru. Muka dubi juna.

Ya tura maɓallin, ya ce in shiga in kashe duk abin da ke kunne. Na kashe na dawo na same shi tsaye a gaban kontar, hancinsa kusa da madubin. Faifan ya tsaya cak. Ya ce in kunna fanka ɗaya. Faifan ya fara tafiya a hankali, kamar ba ya so. Na ƙara ta biyu da rediyo da ƙwan fitila, ya ɗan ƙara sauri, ba wani abin a zo a gani ba. Ya ce in kashe su duka. Sannan ya sunkuya da kansa ya soka wayar rishon. Faifan nan ya ɗauki gudu kamar mazari a hannun gwanar kaɗi. Baba mutumin sikeli ne, ba ya buƙatar a fassara masa abin da ya gani. Ya tsaya yana kallo har ruwan butar ya ƙone. Daga nan ya zare wayar, ya jira abin ya huce, ya naɗe shi a tsumma ya cusa a bayan buhunan gishiri. Ya ce in ce a kawo masa garwashi.

Daga baya na ji bayanin abin a wurin masu ilminsa, kuma ba shi da wuya. Duk abin da aikinsa yin zafi ne, risho ko dutsen guga ko abin dafa ruwa, shi ne mai cin wuta, komai ƙanƙantarsa. Firigo da fanka lasa suke yi. Rishon nan shi kaɗai ya kusa cika ma'aunin da aka ba mu, duk abin da ya hau kansa, ko firigo ko fanka, sai kaya su rinjaya.

Baba ya yi kusan wata bai ta da zancen ba. Sannan wata safiya ya ce in shirya in raka shi Ingall, wai zai duba dabinon bana. Muka sami Gwaggo a tsakar gidan ƴar'uwarta tana tsince dabino a tabarma, ta yi baƙi ta ɗan rame, amma da ƙarfinta. Ta yi mana maraba sosai, ta kai mu ɗakinta. Firigon na tsaye a lungu, ƙofarsa a buɗe, an tokare da dutse. A ciki ta jera cuku da ƙullin barkono da zannuwanta. Ta ce ta taɓa kai shi wurin wani mai injin wuta a gwada, ya ƙi tashi. Kwanciyar da aka yi masa a mota da girgizar hanya sun kashe shi.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi Kaka da zafi da kasuwa. Baba ya yi ta juya hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Yaya, na naɗe rishon nan. Na koma ga gawayi."

Ta ce, "Shi na, ai. Tun ranar hwarko na san shi na."

Ya ce, "Kin sani? To mi ya hana ki hwaɗa mini?"

Ta ci gaba da ware dabinon da ke cikin faifanta. Ta ce, "Ka tambayi mai butik. Ka tambayi direba. Har ladan ka tambaya. Ni da na zauna da kuran tun kai ba ka san kamanninsa ba, ina gida ɗaya da kai, ba ka tambaye ni ba. Da hwari na ce in na hwaɗa gaban matarka da ɗiyanka na kunyata ka, bari in jira ka zo mu biyu. Ba ka zo ba. Daga baya kuma na zama baƙuwa. Baƙo ba shi gyara ma mai gida murhu."

Na ji tausayinsa, na kuma ji cewa ya cancanci abin da ya ji, duka biyun a lokaci guda. Ya ce ɗakinta na nan ba a taɓa shi ba, ya ce zai je a ƙara wa gidan ƙarfin wuta, ya ce za a nemi mai gyara. Ta ce mataccen abu ba ya gyaruwa, ta riga ta tambaya. Ta ce in ta koma yanzu me za ta yi, ta zauna ta jira a zuba mata tuwo? A nan tana tsintar dabino tana saƙa tabarma, abin da ta ci nata ne. Ta faɗi wannan ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Sannan ta cika mana jaka da dabino mai kyau, ta ce a kai wa Kaka mai laushin.

Muka dawo gida ni da Baba. Ya je an ƙara wa gidan ƙarfin wuta duk da haka, aka sauya dijontar. Ba mu da abin da za mu ɗora mata, fanka biyu ne da rediyo.

Gwaggo ba ta sake zama a Agadez ba. Ta zo sau ɗaya, da Kaka ta rasu. Da hantsi ne, Baba na zaune a zaure da masu ta'aziyya, ni ina fitowa da ruwa. Sai ga ta da ƙullin kayanta a ka. A gidan nan aka yanke mata cibiya, uwarta ce aka binne, kuma a garinmu ɗiyar gida ba ta neman izinin shiga. Ta tsaya a waje daga bakin ƙofa, ta sauke kayanta, ta yi sallama, ta jira a ce ta shigo. Mutane suka dubi Baba. Dattijon da ke kusa da shi ne ya amsa mata.